Tandata a Gidan Lalla Mas'uda

Muna fita daga filin jirgin Kasabalanka Alhaji Sabo ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfo ɗina ya ajiye mini, wai ƙasar nan akwai 'yan yankan aljihu. Na ba shi, har da godiya. Hankalina duk yana kan jakar bakko da ke kaina, domin a ciki tandata take, naɗe cikin tsohon zani, ga garin gero, ga yis, ga kuma robar soyayyen man shanu da ƙanwar mahaifiyata ta aiko mini daga Inkil.

Sunana Lami, mai masa ce ni a unguwar Gwallaga cikin Bauchi. Kafin wannan tafiya iyakata Inkil, sai Jos sau ɗaya wurin biki, shi ma a ranar na dawo don ban iya kwana a gadon wani. Alhaji Sabo yana cikin masu sayen masata da safe, kuma shi ke kai mutane ziyara birnin Fas. Bayan rasuwar maigidana, ruwa ya zo ya kayar da katangar ɗakina, sai ya ce mini, "Yaya Lami, mutanenmu na shan wahalar abinci a can. Ki zo ki riƙa yi musu masa da miyan taushe, kafin damina ta zagayo kin gina ɗaki na bulo." Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan.

Daga Kasabalanka jirgin ƙasa muka shiga. Sanyin da ke cikinsa ba irin namu ba ne, wani jiƙaƙƙe ne mai bin ƙashi. Wata mata da ke gabana ta ga ina karkarwa, ta ɓare lemo ta miƙo mini rabi, ta yi ta magana. Na yi Islamiyya kaɗan, na ɗauka zan tsinci Larabci, amma nasu kamar an tauna an haɗiye rabinsa ne. "Bismillah" kawai na gane, na karɓa na ci.

A Fas, Alhaji ya sauke ni a wani ɗaki a saman shagon mai gyaran takalma. Na duba ban ga murhu ba, ban ga ko tukunya ba. Ya ce in huta, zai koma ya taro masu ziyara. Ya tafi. Na jira, na jira, wayarsa a kashe. Burodin da ya bari ya ƙare. Wata safiya mai gidan ya hau sama ya buɗe ƙofa, ya nuna jakata, ya nuna matakala, ya ce, "Barra." Ya sake faɗa da ƙarfi. Ita ce kalmar farko da na koya a ƙasar, kuma ba wanda ya fassara mini ita.

Na ɗora jakata a ka na shiga lungunan birnin. Wanda bai je Fas ba ba zai gane ba: lungu ne cikin lungu, wani ko keke ba zai bi ba, sai jaki da alfadari, su taho a guje mai su yana ihu kowa ya manne da bango. Na bi bayan wasu baƙaƙen mutane masu carbi har ƙofar zawiyar da ake zuwa ziyara. Na yi musu Hausa, suka amsa da wani yare. Sai na zauna a gefen ƙofar, na rungume jakata, ina magana ni kaɗai kamar yadda na saba in ina suya.

"Baiwar Allah, da wa kike faɗa?"

Na ɗaga kai. Wata dattijuwa ce mai tallan turaren wuta, da tsage a kumatu.

Na ce, "Da kaina, Hajiya."

"Daga ina?"

"Bauchi."

Ta ƙare mini kallo. "Wannan hancin na Fulani ne."

"Ta wajen uwa."

"To rabinki baiwata ce. Tashi ki ɗauki kayanki, kada shanu su ganki su biyo ki."

Ita ce Hajiya Rakiya, Babarbariyar Damagaram, aure ya kai ta Fas tun tana da ƙuruciya, mijin ya mutu ta zauna. Da na ba ta labarin Alhaji Sabo ba ta yi mamaki ba. Ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma in 'yan sanda suka same ni a titi ba takarda, ba za su tsaya jin tarihin masa ba. Ɗakinta kuwa tabarma ɗaya ce ta cika shi, kuma mai gidan ba ya yarda da mutum biyu. Ta ɓoye ni na ɗan lokaci, sai rannan ta dawo daga kasuwa ta ce ta samo mini wurin zama.

"Tsohuwa ce ita kaɗai a ƙaton gida. Mai yi mata aiki ta yi aure. Za ki share, ki wanke, ki kama ta in za ta hau bene. Ki ci, ki kwana, ba mai ganinki."

Na ce alhamdu lillahi.

Ta ce, "Bayahudiya ce."

Ni dai a wa'azi da rediyo nake jin sunan, sai kuma in ana zagin marowaci a kasuwa. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutane ne masu ciwon gwiwa da neman mai kama su a matakala ba.

"Hajiya, zan iya salla a gidan?"

"Ita za ta tashe ki in kin makara. Taho."

Unguwar daban take da sauran birnin. Gidajen Musulmin Fas irin na cikin garinmu ne, bango kawai za ka gani daga waje. Waɗannan kuwa suna da baranda ta katako da tagogi suna kallon titi. Rakiya ta ce da can duk Yahudawa ne a nan, yanzu sun watse, wasu ne a ciki. Muka tsaya a wata ƙofa mai manyan ƙusoshi, ta buga.

Wadda ta buɗe 'yar ƙaramar tsohuwa ce, kanta ɗaure da ɗankwali kamar na kakata. Lalla Mas'uda. Lalla ɗin girmamawa ce, kamar mu ce Hajiya. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ga tabon man suya, ta gyaɗa kai. Ni kuma tun a ranar nake ce mata Iya, ta kuma amsa.

Gidan hawa uku ne, da tsakar gida mai ƙananan tayil shuɗi da fari, wasu sun ɓalle, da rijiya a gefe an rufe ta da katako. Ɗakuna kuwa, ni da na fito daga ɗaki ɗaya, tsoro suka ba ni. Duk a kulle, makullan a rataye a ƙusa kusa da kicin. Biyu kawai ake buɗewa: nata, da wani ƙarami a ƙasan matakala da ta ba ni.

Daga nan ruɗewata ta fara, kuma ba ta ƙare ba.

Kwanuka kashi biyu ne a gidan, masu jan zare a hannu da masu shuɗi. Cokula haka, soson wanki haka. Na wanke su tare a roba ɗaya, ta ƙwace ta sake wankewa tana gunaguni. In zan yi girki, ba ta yarda in kunna wuta, sai ta tako da sandarta ta ƙyasta ashana da kanta ta ɗora tukunya, sannan ta bar mini. Na ce a raina, ashe hannuna take ƙyama. Amma ranar Asabar sai abin ya juye. Ba ta taɓa ashana, ba ta taɓa makunnin lantarki, sai ta zauna a kujera ta rungume kanta tana kallon rufi tana cewa, "Bard, bard." Ba ta ce in yi komai ba. Na gane bard sanyi ne, na je na kunna mata hita. Ba ta yi godiya ba, ba ta ko kalle ni ba, amma washegari ta ba ni rigar sanyi mai kyau. Ranar Juma'a kuma ta haɗa tukunya da nama da ƙwai da dankali, ta liƙe murfin da kwaɓaɓɓen gari, ta aike ni da ita gidan gashin burodi na unguwa, ta kwana can cikin toka, in ɗauko ta Asabar da rana. Ga murhu a gida. Na kasa gane kan abin.

Babbar ɓarnar da na yi ta alheri ce. Na ga tsohuwa ba ta cin abinci sosai, na ce bari in gyara mata miya. Akwai wata tukunyar ƙasa mai dogon murfi da take dafa nama a ciki. Naman ya yi laushi, na ɗauko robata ta Inkil na zuba man shanu cokali biyu, ƙamshi ya cika gidan. Wallahi har hawaye ya zo mini, kamar ina tsakar gidanmu.

Ƙamshin ne ya fito da ita. Ta dubi tukunyar, ta dubi robar, ta zauna a kan matakala ta ɗora hannu a ka. Ba ta yi faɗa ba. Ta zubar da miyar, ta wanke tukunyar, ta kai ta bakin rijiya ta kife. Robar man kuma ta ɗauka da tsumma ta ajiye a wurin kwanuka masu shuɗin zare. Ranar ba ta ci komai ba sai shayi.

Da Rakiya ta zo, domin takan leƙo ni in ta tashi daga kasuwa, na tare ta tun daga zaure.

"Hajiya, ki tambaye ta, hannuna najasa ne? Ni ma ina alwala."

Suka yi magana mai tsawo. Rakiya ta juyo tana danne dariya.

"Ba hannunki ba ne. A addininsu nama ba ya haɗuwa da nono, ko man shanu, ko cuku. Ko a tukunya, ko a ciki."

"Saboda me?"

"Haka aka ce musu."

"To ai daga saniya ɗaya suka fito."

"Na san za ki faɗi haka. Bafillata an hana ta zuba mai a miya, ai an kashe ta." Sai ta rage murya. "Tukunyar ta mahaifiyarta ce, Lami. Ta ƙarfe ana iya gyara ta, ta ƙasa kuwa ta sha man, ta tashi daga aiki ke nan har abada."

Daga ranar na shiga zullumi. Kullum in na ga tukunyar a kife a bakin rijiya sai in kau da kai. In aka buga ƙofa, in ce an zo fitar da ni. Kuma in na fita, ina zan je? Ɗakin Rakiya ba ya ɗaukar mutum biyu, titi kuma na 'yan sanda ne.

A wannan ziyarar ta Rakiya ne Iya ta sauko da makullan ta zagaya da mu gidan, ban san dalili ba, wataƙila don ta ga ina kuka. Rakiya na fassarawa, tana ƙara nata gishirin.

Kakan Iya, Ishaƙa, shi ne ya gina gidan. Na ce, "Ishaƙa? Sunan ƙanen maigidana ne." Mahaifinta kuma Dauda. Na rasa yadda aka yi sunayenmu suka riga ni zuwa. Ishaƙa ɗan kasuwa ne, ganyen shayi da dunƙulen sukari da yadi yake sarowa daga bakin teku, ya ba wa fatake masu ƙetare hamada, su dawo masa da gashin jimina da fatu. Ɗakin ƙasa mai faɗi shi ne sito, har yanzu ga ƙugiyar sikeli a rataye a rufi, kuma in ka shaƙa da kyau bangon yana warin shayi. A hawa na biyu matan gidan ke murza zaren zinariya na kwalliyar riguna, ta nuna mana inda kujerunsu suka cinye tayil. 'Ya'yansa maza huɗu, kowa da ɗakinsa da iyalinsa, tukunya ɗaya. Ta ce da akwai lokacin da ba a jin kiran salla daga waje saboda hayaniyar yaran gidan.

A cikin wani akwati ta zaro wani baƙin ƙyalle mai ƙyalli, ya tsufa har ya fara karyewa a ninki. Na kai shi hanci, warin shuni. Irin na marina ne, wanda ake bugawa. Na ce na ƙasarmu ne. Ta ce kakanta yakan ce daga bayan hamada ya zo, iyakar abin da ta sani ke nan. Muka tsaya muna kallonsa, ni da ita.

Daga baranda ta nuna mana wani gida a bakin unguwar. Gidan abokin cinikin Ishaƙa ne, Musulmi. An taɓa yin wata tarzoma aka ƙone unguwar, shi ya ɓoye matan gidan da yara a ɗakin matarsa, kuma da wuta ta mutu ya ba Ishaƙa katakon da aka sake yin rufi da shi. 'Ya'yansu suka gaji zumuncin, jikoki ma haka. Sai tafiya ta fara. Mutanen ɗakin nan suka tafi Faransa, na kusa da shi Kanada, biyun sama Isra'ila. Kowa zai tafi sai ya kulle ɗakinsa ya rataye makulli ya ce zai dawo. Ita ta zauna don mahaifiyarta ta rantse ba za ta bar kabarin mijinta ba, da uwar ta rasu kuma sai kaburburan suka zama biyu. Gidan maƙwabtan kuwa, tsohuwar ƙarshe ta mutu, jikoki suka sayar, yanzu masaukin Turawa masu yawon buɗe ido ne.

Na ce wa Rakiya, "To me take jira?"

"Ke me kike jira a Gwallaga da ba kya iya kwana a Jos?"

Sanyi ya fara raguwa, itatuwan lemo suka yi fure. Rakiya ta ce za ta je Kasabalanka saro kaya, za ta ɗan daɗe, ta nuna mini inda take ɓoye makullin ɗakinta. Tafiyarta ke da wuya gidan ya birkice.

Iya ta tashi da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba. Ta sa na fitar da katifu rana, na wanke bango, na zazzage aljihun duk rigar da ke gidan. Hatta littattafai sai da muka kaɗe su shafi-shafi. Kwanukan nan masu ja da shuɗi ta tattara ta rufe a kabad ta ɗaure da igiya. Ni a garinmu, in an ga ana irin wannan share-share da ɗaure kaya, to tashi za a yi.

Sai ga wani mutum ya zo da kwali, dattijo mai ƙaramar hula a tsakiyar kai. Suka zauna suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Ya leƙa kicin, ya leƙa ɗakina, ya dube ni, ya tambaye ta wani abu, ta girgiza kai. Na ce shi ke nan, ko mai sayen gida ne, ko wanda zai kawo wata a madadina.

Bayan tafiyarsa ta kira ni kicin. Ta tara buhun garin alkamarta, da taliya, da ragowar burodi a wuri ɗaya. Ta shiga ɗakina da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fito da garin gerona, da yis, da tandata. Ta ɗora a kan kayan. Ta kama hannuna ta aza a kan buhun, ta dafa ƙirjina, ta yi magana a hankali. Sannan ta nuna ƙofar gida.

"Barra."

Da murmushi ta faɗe ta. Wannan murmushin ya fi komai ɗaure mini kai, na ce ashe haka masu arziki ke kora, har da guzuri. Na jira ta kwanta hutun rana, na haɗa tufafina, na ɗauko robar man shanuna daga inda ta ajiye ta, na ninke rigar sanyin da ta ba ni na ajiye mata a kan kujera. Na yi sawu biyu zuwa ɗakin Rakiya. A na biyun na ja ƙofar gidan a hankali har ta kulle kanta.

A ɗakin Rakiya na zauna kamar ɓera. Ba na fita sai in mai gidan ya tafi masallaci, ba na tari da ƙarfi. Ina kallon buhun garin, in ce sallama ce, in kuma ce to me ya sa har da busasshen burodi? Na juya abin ta kowace fuska bai zauna ba. Ban taɓa garin ba.

Rakiya ta dawo ta same ni a kan tabarmarta. Na ba ta labari tun daga wanke bango har "barra". Ta saurara, ta ajiye jakarta, ta ce, "Ke da garin aka ce barra, ko garin kaɗai?"

Na ce, "Tandata fa, Hajiya."

"Tandarki ba ƙullu take ci ba?" Ta dafe goshi. "Bikinsu ne ya zo. Mako guda da ɗoriya ba sa barin duk abin da ke kumbura a cikin gida, ko ɓurɓushi. Sai su ba wa maƙwabci Musulmi ya riƙe musu. Gidan can da ta nuna miki su ke karɓar na gidan Ishaƙa tun zamanin kakanni. Ranar da bikin ya ƙare, bayan magariba, maƙwabcin ya zo da tire, ga gari, ga nono, ga man shanu, ga zuma, shi zai fara shigar da su gidan. Tun da tsohuwar can ta mutu ba wanda ya buga mata ƙofa a wannan ranar. Ke ta ba wa. Amana aka ba ki, kika sungume kika gudu. Bafillata dai, ko a Fas."

Rakiya ta fita ta je gidan Iya, ta dawo fuskarta ba daɗi. Mutumin mai hula, ashe shi ke kula da tsofaffinsu da suka rage a garin. Tun da daɗewa yake son ya kai Iya gidan tsofaffi a Kasabalanka a kulle gidan, ita kuma ta ce masa tana da mai kula da ita. Abin da ta girgiza wa kai ke nan. Yanzu ta tashi ta ga ba ni, ga rigarta a ninke, ta ɗauka na yi fushi ne don an fitar da tandata. Matarsa ce ke kai mata abinci, kuma ya ce da an gama biki zai zo da mota.

Na ce, "Kin gaya mata ina nan?"

"Na fara, ta ce kada in ƙara ambatonki. Ta ce duk wanda ya fita daga gidan nan haka yake ninke kaya ya ajiye."

"Yaushe bikin zai ƙare?"

"Jibi."

Na tashi na jiƙa shinkafa. Rakiya ta ce su ba masa suke ci ba, wata 'yar waina ce siririya ta alkama. Na ce ni masa na iya. Ta kai mini niƙa, na kwaɓa ƙullu da yis na rufe. Ran da za a ƙare na yi suya a kan ɗan murhunta, taga a rufe don kada mai gidan ya ji, amma ya ji, ya hau, Rakiya ta cika masa faranti ya sauka. Muka jera tire: masa, kwanon gari daga buhun Iya, madara, zuma, da ganyen na'ana'a. A tsakiya na ajiye ragowar man Inkil. Na yi ta ɗauke shi ina mayarwa, don shi ya kashe tukunyar. Rakiya ta ce in bar shi, yau ranarsa ce.

Muka yi sallar magariba, muka jira duhu ya ɗan shiga kamar yadda ta ce ana yi. Na ɗauki tiren a ka irin na gida. Mai gashin burodi yana bakin shagonsa, ya gan ni, ya miƙe tsaye yana bina da kallo, ya ce wani abu. Rakiya ta ce cewa ya yi rabonsa da ganin wannan tun yana yaro.

Na buga ƙofar. Shiru. Na sake bugawa. Can na ji ƙarar sandarta a kan tayil, a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ta buɗe kaɗan. Ta dubi fuskata, ta ɗauke ido. Ta dubi tiren.

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta fara faɗa. Ban taɓa jin ta yi magana mai yawa haka ba, tana nuna ni, tana nuna kujerar da na ajiye riga, tana nuna matakala da gwiwarta. Rakiya ta ce, "Wannan ba sai na fassara ba."

Da ta gaji, ta buɗe ƙofar duka ta matsa gefe. A tsakar gida ashe ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta jera kwanuka, babu komai a cikinsu. Rakiya ta gaya mini daga baya haka take yi duk shekara.

Na sauke tiren. Ta tsoma tafinta a cikin garin ta dafa mini a goshi, ta yi wata addu'a, wai Allah ya ba da riba da farin ciki. Ta ɗauki masa ɗaya ta jujjuya, ta sa hanci, ta buɗe robar man da hannunta ta lakata ta shafa, ta zuba zuma. Ta ci, ta ƙara. Sannan ta ce wani abu ga Rakiya.

"Ta ce wainarki ta yi kauri. Ta ce gobe ki dawo da tandar, za ta zauna wurin masu shuɗin zare."

Mai hula ya zo da motarsa bayan kwana biyu, ya same ni ina kama Iya a matakala, ya sha shayi ya koma shi kaɗai. Shi ne kuma daga baya ya raka ni ofishin jakadancinmu aka yi mini takardar komawa gida, amma ban yi amfani da ita ba sai da Rakiya ta samo wa Iya wata mata ta kirki, na kuma koya mata jan zare da shuɗi da kaina. Alhaji Sabo har yau ban sake ganinsa ba, ɗakin bulo kuma ban gina ba, da laka aka gyara katangar.

Abubuwa da yawa na gidan nan har gobe ban gane su ba. Ban san me nama ya yi wa nono ba, ban san dalilin da zai sa mutum ya ji sanyi ya ƙi cewa a kunna wuta ba. Ranar da zan taho ta ba ni tukunyar ƙasar nan ta bakin rijiya, ta ce ita ta haramta gare ta, ni kuwa babu abin da ya hana ni. Na rungumo ta a cinya tun daga Fas har Gwallaga. A cikinta nake dafa miyan taushen da ake cin masata da shi, kuma ina zuba man shanu yadda raina yake so.